Ɗan Kwangila a Gidan Mutane: Inda Za Ka Saje da Ma'aikata da Inda Za Ka Ja Jiki

Lokacin da na fara harkar haɗa sola da jan waya, na ɗauka kwangila tsakanin mutum biyu ce kawai, ni da wanda ya sa hannu a takarda. Wani asibitin kuɗi a nan cikin garin Sakkwato ne ya fitar da ni daga wannan duhu. Mai asibitin ya ba ni aikin kafa farantan sola da inbata da batura, don ɗakin haihuwa da firjin allurai su huta da jiran janareta. Na zo da yarana uku, kwana tara muka gama. Duk kwanakin nan akwai wani dattijo mai kula da janareta da ke zama a benci ƙarƙashin dogon yaro, a gefensa wani littafi da ya sha baƙin mai, inda yake rubuta litar dizal da aka zuba. Nakan wuce shi da "sannu Baba" ina sauri. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambaye shi wani abu ba.

Bayan wata huɗu aka kira ni, wai batura sun mutu. Na je na tarar da tukunyar lantarki ta dafa almakasai da hitar ruwan zafi duk suna kan layin inbata. Na ce, "Baba, ya aka yi haka?" Ya ɗago kai a hankali ya ce, "Injiniya, ai ba ka tambaye ni ba. Wanga layi da kunka jona, shi ka kai wuta ɗakin wanke kaya tun ba yau ba."

Kuɗin sababbin batura daga aljihuna suka fita. Shi ya sa in yaran da suka koyi aiki a hannuna suka tambaye ni ko dole ne ɗan kwangila ya saje da ma'aikatan wurin da aka ba shi aiki, nakan ce musu a gaisuwa da kiyaye lokaci da bin ƙofar da mutanen wurin ke bi, dole ne. A kuɗi da rigingimun cikin gida da ra'ayin sana'a kuwa, ja jiki ya fi. Baƙo ne kai, kuma an ce baƙo raɓa ne. Sai dai akwai baƙon da in ya tafi ake kewarsa, akwai wanda ake share inda ya zauna. Ga yadda nake bi da lamarin, tun kafin sa hannu har ranar kwashe tsani.

Mataki na farko: tun kafin ka shiga, ka san kai wane ne

Tun kaka da kakanni Bahaushe ya raba aikin jinga da aikin wuni. Mai jinga an yi ciniki da shi a kan gona kaza ko ɗaki kaza. Ya fito da asuba ko da hantsi, shi ta shafa, abin da ake bin sa shi ne aiki ya kammala yadda aka yi magana. Mai aikin wuni kuwa lokacinsa aka saya, in an ce ya bar noma ya je ɗebo ruwa sai ya tafi. Malaman fiƙihu ma sun yi wannan rabon, tsakanin wanda mutum ɗaya ya ɗauki hayar lokacinsa da mai sana'ar da ke yi wa kowa aiki, irin su tela da marini. A Malikiyyar da muke bi, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su shagonsa, in suka salwanta shi ke ramawa, sai in an samu shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Wato 'yancin da yake da shi tare yake tafiya da nauyi.

Dokar ƙasa ma haka take kallon abin. A 2008, a shari'ar kamfanin Shena Security da Afropak, Kotun Ƙoli ta jera abubuwan da ake dubawa don a gane ma'aikaci daga ɗan kwangila. Albashi ake biyan mutum ko kuɗin aiki? Wa ke kawo kayan aiki? Yana iya tura wani ya yi a madadinsa? An yanka masa lokacin zuwa da na tashi? A ina ake yin aikin? Wannan ya shafe ka kai tsaye. Ma'aikaci yana da hutu, kuma a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 mai aiki yana zuba masa aƙalla kashi 10 cikin 100, shi kuma ana cire masa kashi 8. Kai ba ka da ko ɗaya daga ciki. To in aka sa ka sa hannu a rajistar zuwa aiki ƙarfe takwas, ana aiken ka duk inda aka ga dama, sannan babu hutu babu fansho, ka ɗauki wahalar ma'aikaci ka bar masa romon.

Saboda haka a rubuta komai: iyakar aikin, abin da ba ya ciki, wa'adi, kafin alƙalami, yadda za a biya sauran kashi-kashi, garantin wata nawa, da sunan mutum ɗaya tak da zai duba aiki ya ce ya yi. Ko da mai aikin kawunka ne. In ya ce, "Haba ɗana, tsakaninmu sai da takarda?" ka tuna masa cikin ladabi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ban taɓa ganin dattijon da ya ja da wannan ba.

Mataki na biyu: ranar farko ta gaisuwa ce

Ka roƙi mai aikin ya gabatar da kai ga ma'aikatansa da bakinsa. Minti biyar ya isa. Ya faɗi sunanka, abin da ka zo yi, ranar da za ka gama, da wanda za a samu in akwai ƙorafi. In ba a yi haka ba, kowa zai ƙirƙiro nasa labarin. Wani zai ɗauka aikinsa ka zo ƙwacewa. Wani yana ganin aikin da ya kamata a ba shi ne aka kai waje. Wani kuma ya ji ƙishin-ƙishin adadin kuɗin kwangilar, ya kwatanta da albashinsa, zuciyarsa ta yi baƙi, bai san cewa a cikin kuɗin nan akwai kaya da leburori da haraji da watannin da za ka yi zaune babu aiki ba.

Daga nan ka zagaya da ƙafarka. A Sakkwato ba a gaisuwar tsaye-tsaye. An tashi lafiya, ya gida, ya iyali, ya zafi, ya ƙoƙari, duk sai ka bi su, kuma in dattijo ne ka ɗan rusuna. Mata ma'aikata a gaishe su da baki, "Hajiya ina wuni", "Malama sannu da aiki", ba a miƙa hannu. Abokan sana'armu da ke zuwa daga Legas ko Inugu sukan ga wannan ɓata lokaci ne, har sai ranar da suka nemi makullin sito aka ce mai riƙe da shi ya fita, alhali ga shi can bayan ofis yana shan shayi.

Mutum huɗu nake fara nema a kowane wuri. Maigadi, domin shi zai buɗe maka ƙofa ran Asabar kuma shi ke kwana da kayanka. Mai sito. Akawun da fayil ke bi ta hannunsa. Sai tsohon ma'aikacin da ya san bangon wurin, ko mai wayarin ne, ko mai famfo, ko yaron da ke gyara kwamfuta. Wannan na ƙarshen ka zauna da shi sosai, ka sayo lemo mai sanyi, ka yi masa tambayoyi uku: me ke yawan lalacewa a nan, wa ya yi aikin baya kuma me ya sa bai ɗore ba, in shi aka ba aikin ta ina zai fara? Zai nuna maka wayar da aka binne ba a zana ta a takarda ba, da bututun da ya bi ta ƙarƙashin inda kake shirin haƙa. Baƙo ko da ido makaho ne. Sannan mutumin da ka nemi shawararsa a gaban jama'a da wuya ya zama mai yi wa aikinka zagon ƙasa.

In aikin na ƙauye ne, kamar rijiyar burtsatse a yankin Gwadabawa ko ajujuwa a Tangaza, mutanen gari su ne ma'aikatan wurin. A fara da gaida uban ƙasa da mai gari da liman, kuma a ɗauki leburori daga cikin samarin garin. Da ɗan gari akan ci gari.

Mataki na uku: bi agogon gidan

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ran Juma'a kada ka sa aikin da zai kai ka ƙarfe ɗaya. In lokacin salla ya yi, a kashe injin yanka da na huda bango, musamman in masallacin ma'aikata na kusa. Da azumi mutane kan gaji da wuri, duk abin da ke buƙatar sa hannun wani ka neme shi da safe. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, hawan kwano bayan ƙarfe sha ɗaya ganganci ne, don haka ka nemi izinin shigowa bayan asuba, ka sanar da maigadi tun daren jiya. Kafin ka yanke wuta ko ruwa ko intanet, ka faɗa kwana guda kafin nan, ka faɗi kuma awa nawa. A asibiti sai da yardar babbar nas.

Abin yana juyawa in ƙungiyar agaji ce ta ba ka aiki. Su nasu agogon na takarda ne. Taron ƙarfe tara ƙarfe tara ne, rahoton mako dole ne, hula da takalmin kariya dole ne, kuma in jami'in tsaronsu ya ce ba a bin hanyar Isa ko Sabon Birni yau, ko ba a tafiya bayan la'asar, kada ka ce ai kai ɗan ƙasa ne ka san hanya. Sajewa da su a nan shi ne ka iya rubuta imel gajere mai ɗauke da hoto da kwanan wata.

Mataki na huɗu: "Injiniya, tunda kana nan..."

A nan ne yawancinmu ke faɗuwa, kuma kirki ne ke kayar da mu. Da zarar an saba da kai, buƙatu za su fara zuwa. Fankar ofishin darakta tana ƙara. Soket ɗin ɗakin taro ya ƙone. Hajiya mai kula da kuɗi tana so ka leƙa gidanta a Mabera ka duba inbata. Kowanne ƙarami ne, kowanne da murmushi ake kawo shi, kuma kunya ba za ta bar ka ka ce a'a ba.

Na taɓa yin aikin jan wayar intanet a wata makaranta mai zaman kanta. Aikin mako biyu ne. Na saba da kowa, ana kira na cin tuwo a ɗakin malamai, har waina ake ajiye mini. Sai da na yi mako biyar. Na gyara fanka goma sha wani abu, na canza fitilun harabar gaba ɗaya, na saita wayoyin malamai. Ranar da na kai takardar neman cikon kuɗi, mai makarantar ya dube ta ya ce na wuce wa'adi da mako uku, don haka zai zaftare wani abu. Cikin waɗanda na yi wa gyara babu wanda ya buɗe baki. Ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum.

Yanzu ga yadda nake yi. Abin da bai wuce minti goma ba kuma ba ya cin kaya, nakan yi shi kyauta, sau ɗaya ko biyu, kuma nakan faɗa da baki cewa wannan alheri ne ba ya cikin aiki. Wanda ya wuce haka sai na ce, "Ranka shi daɗe, zan so in yi, amma bari mu gaya wa Alhaji, in ya amince sai in sa shi cikin lissafi." Ban ƙi ba, ban kuma ɗauka ba, na mai da maganar ƙofar da ta dace. Rabin buƙatun a nan suke mutuwa. In mai aikin ya amince, kafin in taɓa komai nakan tura masa saƙo ta WhatsApp: ƙarin aiki kaza, kuɗi kaza, zai ƙara kwana kaza. Ya amsa da "to" kawai ma ya wadatar, shaida ce. Aikin gidajen ma'aikata kuwa sai bayan an tashi, da cinikinsa daban, kuma ba da kayan mai aiki ba ko da ƙusa ɗaya ce.

Haka nan in mutum biyu suka ba ka umarni masu karo da juna, manaja ya ce a bi ta nan, ɗan mai gida ya ce a bi ta can, kada ka zaɓa. Ajiye kayan aiki, ka kira wanda sunansa ke cikin takarda.

Mataki na biyar: abin da ake shiga da wanda ba a shiga

In an yi wa ma'aikaci rasuwa, je ka yi ta'aziyya. In ana suna ko ɗaurin aure aka gayyace ka, ka leƙa ko na minti goma ne, in ana karo-karo ka sa abin da ya sawwaƙa. In an ce bismilla, sa hannu ko loma biyu ce. A sahun salla kuwa babu ɗan kwangila babu darakta.

Amma kowace ma'aikata tana da ɓangarori, kuma kowane ɓangare zai so ya ja ka. Za a zo a zauna kusa da kai kana aiki, a fara, "Kai dai ba ka san halin akantan nan ba." Ka ce "Allah shi kyauta" ka ci gaba da ɗaure wayarka. Su shekara ashirin za su yi tare, gobe su shirya, kai ne za ka zama wanda ya ce. Kada ka shiga adashinsu, domin za ka tafi kafin zagaye ya ƙare. Kada ka ranci kuɗi a hannun ma'aikaci, kada ka ranta wa wanda zai duba aikinka. Wanda ya zo da maganar a ƙara adadi a rasit a raba, ka gane cewa ranar da asiri ya tonu sunanka ne a kan takardar, shi kuwa zai ce bai san zancen ba.

Sai sirri. Mai gyaran kwamfuta yana ganin albashin kowa, mai wayarin yana shiga ɗakin da fayil ɗin marasa lafiya yake. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, amma ko babu ita, abin da ka gani a gidan mutane a nan ake barin sa. Ka ja kunnen yaranka a kan wannan, da kan ɗaukar hoto, da kan tsayawa hira da 'yan mata ma'aikata ko ɗalibai. Laifin yaronka naka ne. In gidan aure ne, ba a shiga sai an yi sallama an ba da izini, kuma da rakiyar ɗan gida.

Mataki na shida: kada sabo ya cinye maka gaskiya

Dalilin da ya sa aka ɗauko mutum daga waje shi ne ana son abin da na ciki ba su iya ba, ko abin da ba za su iya faɗa ba. Ma'aikaci yana tsoron gaya wa mai gida cewa wayar da ya sayo mai arha za ta iya tayar da gobara. Kai kana iya faɗa, kuma wajibinka ne. In ka narke cikinsu har ka koma mai "haka ne ranka shi daɗe", an yi asarar kuɗin da aka biya ka.

Yadda ake faɗar ne ke da wuya. Kada ka kushe aikin wani a gaban mutane, musamman in wanda ya yi shi yana tsaye. Keɓe da mai gida, nuna masa da ido, taɓa wayar ya ji zafinta, sannan ka kawo hanya biyu da kuɗin kowace. In mai gida ya dage a kan abin da bai kai ba amma ba ya da haɗari, rubuta masa cewa ka ba da shawara kaza ya zaɓi kaza, ka yi masa abin da yake so. In akwai haɗarin rai, kamar rage rodi a dakali ko cire wayar ƙasa, ajiye aikin ya fi.

Mataki na bakwai: kuɗi da fita

Tun makon farko ka je wurin akanta ka tambaye shi takardun da yake buƙata: rajistar kamfani, lambar haraji, takardar kammala aiki, sa hannun wa da wa. Ka tambaya ko kuɗin da aka yi ciniki ya haɗa da harajin kaya, wato VAT, na kashi 7.5, kuma nawa za a cire maka na harajin da ake riƙewa tun daga tushe. In an cire, ka karɓi shaidarsa, domin za ta rage maka abin da za ka biya hukuma daga baya. A aikin gwamnati fayil yana da tebura da yawa da zai bi, don haka ka san sunan kowane tebur, ka riƙa bibiya da fara'a.

Ranar miƙa aiki kada ka tsaya ga mai gida shi kaɗai. Tara waɗanda za su zauna da abin bayan ka tafi, ka koya musu da Hausa, ka sa kowa ya kunna ya kashe da hannunsa. Manna takarda a bango da manyan baƙaƙe: abin da ake jonawa, abin da ba a jonawa, yadda ake wanke farantai in ƙurar hunturu ta rufe su, da lambar wayarka. Mayar da makullai a gaban shaida, share wurin, bi kowa ka yi sallama ka nemi gafara.

A asibitin nan da na fara ba da labari, da na koma sa sababbin batura, dattijon na sa ya riƙe fitila muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa ina rubutawa. Muka raba layin ɗakin wanke kaya daban. Na nuna masa lambobin da ke fuskar inbata, na ce in ya ga ta sauka ƙasa da kaza ya kashe firjin ofis ya bar na allurai. Ya buɗe sabon shafi a littafinsa mai baƙin mai, ya ja layi, ya fara rubuta lambar batir safe da yamma a gefen litar dizal.